Daɗi da Koyo: Darasi daga Akun Magana Jari Ce

Masana tarbiyya sun daɗe suna muhawara a kan ko wajibi ne a sa wa karatun yara daɗi. Wasu sun tsaya a kan cewa sai an sha wuya akan sha daɗi. Wasu kuwa suna ganin yaro ba ya riƙe abin da bai ja hankalinsa ba. Tambayar tana da nauyi a Birnin Gwari, inda 'yan bindigar daji suka hana makarantu da dama aiki, har suka sace malamai uku a firamaren Rama a watan Maris na 2021. Malamin da ya karɓi yaran da suka daɗe rabonsu da aji, da me zai riƙe su?

Abubakar Imam, haifaffen Kagara, makwabciyar Birnin Gwari, ya ba da amsa a Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937 domin karatun makarantu. A littafi na ɗaya, aku yana tsare Musa, ɗan Sarki, da labari bayan labari, don kada ya fita ya faɗa cikin makircin Waziri. Ashe daɗin labarin igiya ce ta ɗaure yaro, ba shi ne manufa ba.

Sai dai a lura: Musa saurare kawai yake yi, alhali ɗalibin da aka miƙa wa littafin dole ne ya yi aiki. Sai ya haɗa baƙi, ya bi doguwar jimla, ya warware karin magana, kafin ya san ƙarshen labarin. Imam bai rage wa yaro wahala ba. Ya dai sa masa ladan da ya cancanci wahalar. Haka ma makarantar allo, duk da tsananinta, ta laƙaba wa haruffa sunaye irin su ba-guje da ha-kuri, don siffarsu ta zauna a zuciya.

Saboda haka ma'aunin da ya kamata malami ya riƙe shi ne wannan: daɗin da ke kai yaro ga shafi na gaba, a yi maraba da shi; wanda kuwa yake maye gurbin shafin, waƙa ce ko wasa, ɓata lokaci ne. Yaron Birnin Gwari ya riga ya yi hasarar shekaru; ba shi da lokacin ɓatawa, ba ya kuma bukatar ƙarin tsoro.