Gonar Gado da Tsohon Fim

Wanda duk ya saba cin kasuwar Dambatta ran Lahadi ya san rumfunan samarin nan masu tura fim a waya. Manomi ya sayar da akuyarsa, ya sayi gishiri da sabulu, sa'an nan ya miƙa wayarsa a zuba masa abin kallo na mako guda. A irin wannan rumfa ne na ji wani dattijo ya ce a sa masa *Mujadala*. Yaron ya ce, "Baba, tsohon ko sabon?" Dattijo ya yi shiru, gama bai san akwai biyu ba.

To, akwai biyu. Na farkon ya fito a zamanin kaset, wajen shekara ta 2000, sa'ad da akan taru a gidan mai bidiyo ɗaya a ƙauye, a tayar da ɗan inji, yara su zauna a ƙasa, manya a kan benci. A 2018 kuwa Ali Nuhu, wanda ya fito a cikin na farkon yana saurayi, ya sāke shirya shi da sababbin yara, irin su Umar M. Shareef da Maryam Yahaya. Wannan al'ada ta tayar da tsohon fim ba a Kano ta fara ba. Mutanen Indiya sun yi *Don* a 1978 da Amitabh Bachchan, suka sāke shi a 2006 da Shah Rukh Khan. A Amurka ma haka suke yi kowace shekara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai zuba kuɗi yana tsoron asara, sunan da jama'a suka riga suka sani kuwa ba ya bukatar mai shela.

Waɗansu mutane suna cewa wannan lalaci ne, wai basira ta ƙare. Ni ban yarda da su ba, kuma ina tsammani mai karatu, in manomi ne, ba zai yarda ba. Dubi ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Bichi zuwa Kunchi. Gona tana manne da gona, ba dajin da za a sara a yi sabuwa. Gonar da kakanka ya noma ita ubanka ya noma, ita kake nomawa, ba ta hutawa ko damina ɗaya. Duk da haka tana ba da gero da dawa da gyaɗa da wake. Me ya riƙe ta? Taki. Da rani ake kai shi, na dabbobin gida da tokar murhu da sharar birni, dā a mangala bisa jaki, yanzu har da mota. Ba wanda ya taɓa zargin manomi don ya koma gonar bara. Abin zargi shi ne ya koma mata hannu sake.

Haka labari yake. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi an yi ta sau dubu, amma kowace tsohuwa da irin gishirin da take sa mata. Alhaji Abubakar Imam kansa, da ya rubuta *Magana Jari Ce* a shekarun 1930, ya ɗebo labaru da dama daga littattafan Larabawa da na Turawa. Sai dai bai kawo su da rigar baƙunta ba. Ya sa musu sarki da waziri da fada irin tamu, har mai karatu ya ɗauka a bayan garinsu abin ya faru. Wannan shi ne takin.

Inda nake da magana da masu tayar da tsofaffin finafinanmu shi ne nan. Sabon *Mujadala* ya fi tsohon kyan hoto da tsabtar murya, wannan ba gardama. Amma kyan hoto aikin na'ura ce, ba aikin marubuci ba. Tsakanin fim ɗin farko da na biyu shekara goma sha takwas ne ko kusa da haka. Yarinyar da ta kalli na farko tana budurwa, sa'ad da na biyu ya fito tana shirin aurar da 'yarta. Neman aure ya canja, sadaki da lefe sun canja, waya ta shiga tsakanin saurayi da budurwa, samari sun bar gona sun tafi birni haya da babur. Wanda zai sāke ba da labarin soyayya ya kamata ya tambayi kansa, me waɗannan shekaru suka ƙara wa labarin? In amsar ita ce sababbin fuskoki da manyan motoci da falo mai kujerun alfarma, to, an yi shuka ba taki. Balle ma manazarta sun daɗe da lissafa tsohon *Mujadala* cikin finafinan da aka ɗauko ƙashin labarinsu daga na Indiya. Ashe sabon shuka ta uku ce a wuri ɗaya. Kuma abin mamaki, mutumin ƙauye, wanda ke biyan kuɗin turi kowane mako, da wuya ya ga rumbu ko rijiya ko garma a cikin abin da yake saye.

Akwai wata hanya ta tayar da tsohon fim, ita ce ta fi damuna, gama mun yi sakaci da ita. A 1934 aka buga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, *Shaihu Umar*, labarin yaron da aka sace, aka ƙetara hamada da shi, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta. A 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977. Daga nan sai ya ɓace, har mutane suka fid da rai. Sai a 2016 aka tarar da faya-fayensa a wani tsohon ɗakin ajiyar finafinai na gwamnati a Ikko, cikin ƙura. Aka gyara shi tare da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a babban bikin finafinai na Balin a 2018, watau shekarar da sabon *Mujadala* ya fito. Ba a canja masa ɗan wasa ko ɗaya ba. Wanke shi kaɗai aka yi, kamar yadda akan kakkaɓe iri a fitar da shi daga rumbu. Ga tufafin mutanen dā, ga ayari, ga Hausa mai nauyi wadda yaran yanzu ba su cika ji ba.

Wannan ya tsira. Sauran fa? Dattawanmu suna tuna majigi, motar da ke zuwa ƙofar gidan hakimi da dare a kafa farin ƙyalle, a nuna *Baban Larai* don koya wa manoma noman auduga. Na bayansu suna tuna *Samanja Mazan Fama* da wasan *Magana Jari Ce* na talbijin ɗin Kaduna. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, watau Samanja, ya bi shi a 2023. Kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura da gara. Abin da mutum kan samu na waɗannan wasanni a waya gutsattsari ne, hoto dishi-dishi, murya tana rawa. In wani ya tashi gobe ya ce zai sāke yin Samanja, da me za mu gwada aikinsa? Yaron da bai ga na asali ba zai ɗauka sabon shi ne Samanja, ya ce ashe abin da iyayensa ke yabo ke nan. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta. Wannan aiki na gidajen talbijin ne da hukumomin gwamnati, gama ɗan kasuwa ba zai kashe kuɗinsa a kan abin da ba zai sayar ba.

Dattijon nan na kasuwa dai ya ce a sa masa tsohon. Yaron ya yi ta lalube a kwamfutarsa, ya ce sabon kaɗai ke gare shi, amma ai duk ɗaya ne. Dattijo ya ce ba ɗaya ba ne, ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu. Da ya tafi, na matsa na tambayi yaron ko yana da *Shaihu Umar*. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce, "Malam, tafsiri yake yi ko wa'azi?"