A ba Landan kwafi, a mayar wa Girka da kayanta

A garin Carrara na Italiya, inda aka daɗe ana haƙo farin dutsen marmara, na'ura ce yanzu ke yin babban kason aikin sassaƙa a wasu wuraren aiki. Ana ɗaukar hoton tsohon mutum-mutumi ta kowace kusurwa, a zuba ma'auninsa a kwamfuta, sai hannun ƙarfe ya yi ta cin dutse dare da rana har siffa ta fito. Masassaƙi ya zo daga baya ya gyara, ya goge.

Mutane da yawa na kallon wannan a matsayin jabu. Ni ban yarda ba. Kwaikwayon tsohon aiki a dutse ba yau aka fara ba. Mutum-mutumin mai jifa da faifai, wanda Myron ya ƙera da tagulla a tsohuwar Girka, ya ɓace tun tuni. Da masassaƙan Rumawa ba su kwafe shi a marmara ba, da sai dai mu ji labarinsa. Abin da ke mayar da kwafi jabu shi ne a ɓoye cewa kwafi ne.

Inda na fi ganin amfanin na'urar nan shi ne rigimar sassaƙaƙƙun duwatsun tsohon haikalin Parthenon. Jakadan Ingila, Lord Elgin, ya kwashe su daga Atina a farkon ƙarni na 19, gwamnatin Birtaniya ta saye su a 1816, kuma har gobe suna gidan tarihi na British Museum. A 2022 aka sa na'ura ta sassaƙa kwafin kan wani doki da ke cikinsu, da marmarar tsaunin Pentelikon, irin wadda magina na farko suka yi aiki da ita. Abin ya yi kyau ƙwarai.

To, ga abin takaici. A gidan tarihin Akropolis da aka buɗe a 2009, Girkawa ne ke cike giɓin kayan kakanninsu da farin kwafi, na ainihin kuwa yana can a Landan. Mai abu ya koma ɗan kallo ke nan.

Ɗalibin zane a Landan zai koyi abin da yake nema daga kwafi mai inganci. Bagirke kuwa tarihinsa yake nema, kuma na'ura ba ta sassaƙa wannan. A ajiye kwafin a Landan, a rubuta a jikinsa cewa kwafi ne, a mayar da na ainihin Atina.