Sharhi: Ruwa-Biyu da Zaɓin Mutuwa a Littattafan Tolkien

A 'yan kwanakin nan mun karanta rubuce-rubucen matasa da dama inda jarumi ke auren 'yar sarkin aljanu, su haifi ɗa mai ƙarfin tsiya, shi ke nan labari ya ƙare. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu leƙa yadda J.R.R. Tolkien (1892-1973), marubucin Ingila, ya sarrafa irin wannan jigo.

Shi dai Tolkien ya ƙago wasu halittu da ya kira Elf. Ba aljanu ba ne irin waɗanda muka sani, domin suna da jiki kamar namu, sai dai tsufa ko ciwo ba ya kashe su. Ransu a ɗaure yake da duniya har ta naɗe. Mutum kuwa yana mutuwa ya bar ta, kuma Tolkien ya ɗauki wannan mutuwa a matsayin kyautar Mahalicci. To, ɗan da ya haɗa jinin biyun fa, ina makomarsa?

A cikin The Silmarillion, wanda aka buga a 1977 bayan rasuwarsa, an ba wa 'yan'uwa biyu, Elrond da Elros, zaɓi. Elrond ya bi dangin Elf. Elros ya zaɓi zama mutum, ya zama sarkin farko na tsibirin Numenor, ya shekara 500 ya mutu. Amma jikokinsa sun yi ta jin haushin wannan zaɓi, har suka ɗaura yaƙi don ƙwato dawwama, teku ta cinye tsibirin. Wato zaɓin mutum ɗaya ya zama tushen tarihin al'umma guda.

Shi ma Elrond bai tsira ba. A The Lord of the Rings (1954-1955) 'yarsa Arwen ta zaɓi mutuwa don ta auri Aragorn. Da mijin ya rasu yana da shekara 210, sai ta ɗanɗani ɗacin abin da ta zaɓa, ta tafi dajin Lorien da ya zama kufai, ta mutu ita kaɗai. Uban da ba ya mutuwa ya rabu da 'yarsa, babu ranar saduwa muddin duniya na nan.

Duk da haka muna da ƙorafi biyu. Na farko, ƙarshen labarin Arwen, wanda ya fi komai taɓa zuciya, an tura shi rataye a bayan littafi, inda masu karatu da yawa ba sa kaiwa. Na biyu, a manyan auratayya uku da ya kawo, kullum matar ce Elf, kuma sau biyu, wato Luthien da Arwen, ita ce ta biya farashi da ranta.

Abin lura gare mu shi ne, Tolkien bai mai da jinin ruwa-biyu ado ko makamin yaƙi ba, sai ya sa shi ya zama tambaya: me mutum zai sayar da dawwama a kansa? Abin ya shafe shi ƙwarai, domin a kabarinsu da ke Oksfod an rubuta Luthien ƙarƙashin sunan matarsa Edith, Beren kuma ƙarƙashin nasa.

Saboda haka, marubucin da zai aurar da jaruminsa ga aljana ya fara tambayar kansa: wa zai binne wani, kuma ɗan da suka haifa gidan wa zai zauna makoki? In babu amsa, labarin bai nuna ba tukuna.