Sandar Saman Keken Tsere: Yadda Mai Gangare Ta Ture Miƙaƙƙiya

Duk wanda ya kalli hotunan gasar Tour de France na shekarun 1970 da 1980 zai ga kekunan kamar gida ɗaya suka fito. Sandar da ta tashi daga wuyan keke zuwa ƙarƙashin sirdi a miƙe take sambal, daidai da shimfiɗar titi. Haka take a keken Eddy Merckx, haka take a na Bernard Hinault. Irin wannan sanda ce a jikin keken Raleigh da Phoenix da aka sani a ƙasar Hausa, wadda yaro kan zura ƙafa ta ƙarƙashinta ya taka feda saboda tsawonsa bai kai ya haye ba. A yau kuwa yawancin kekunan tsere sandarsu daga gaba take gangarowa, ta sauko ƙasa kafin ta iso sirdi.

Miƙaƙƙiyar sandar ta samo asali ne daga yadda ake ƙera keke a da. Firam ɗin ƙarfe ne, bututu ake yankawa a cusa bakinsa cikin wasu ƙananan mahaɗai, sannan a narka tagulla ko azurfa ta bi ta cike tsakani. Su mahaɗan nan an riga an ƙera su da kusurwar da ba ta canzawa sosai, don haka maƙeri yana bin abin da suka ba shi ne. Da kamfanoni irin su Reynolds na Ingila da Columbus na Italiya suka riƙa sayar da bututu a jere, sai siffar ta zauna daram, har ido ya saba, ya ɗauka haka keke yake. Awo ma a kanta ya ginu. Maƙeran Italiya kan fitar da girma iri-iri, tazarar santimita 1 ko 2 tsakanin wannan da wancan, ta yadda mai saye zai samu wanda ya zauna masa kamar an ɗinka. Ƙa'idar masu shago a lokacin ita ce sandar sirdi ta leƙo waje kamar faɗin dunƙulen hannu kawai.

Wanda ya karya wannan al'ada ɗan Ingila ne, Mike Burrows, injiniyan da ya tsara keken Lotus da Chris Boardman ya ci zinare da shi a gasar Olamfik ta Basalona a 1992. Bayan nan kamfanin Giant na Taiwan ya ɗauke shi aiki, kuma daga hannunsa keken TCR mai gangararriyar sanda ya fito a tsakiyar shekarun 1990. Dabarar ba daga sama ya tsinto ta ba. Kekunan hawan duwatsu sun riga sun sauke sandarsu domin mahayi ya samu sarari in ya diro ba shiri. Walda kai tsaye a jikin alminiyam kuma ta kawar da buƙatar mahaɗai, kowace kusurwa aka ga dama sai a yi. Abin da Burrows ya yi shi ne ya kawo wannan siffa kan kwalta, inda ake ganin al'ada ba ta taɓuwa.

Hujjarsa ta injiniya a fili take. In aka sauke sandar sama, alwatika biyun da suka haɗu suka yi firam sun ƙanƙance. Ƙaramin firam ƙarfensa kaɗan ne, nauyi ya ragu, kuma ba ya murɗewa sosai idan mahayi ya miƙe tsaye yana danna feda a hawan tudu. Sandar sirdi da ta fito da tsawo tana ɗan lanƙwasawa, tana shanye girgizar hanya kafin ta kai ga ƙugu. Gajeren mutum kuma yana iya tsayawa ƙafa biyu a ƙasa ba tare da ƙarfe ya tokare shi ba.

Amma hujjar da ta fi nauyi tana ɗakin lissafi ne. TCR na farko girma 3 kacal ya zo da shi: ƙarami, matsakaici da babba. Sauran bambancin jiki sai a cike shi da sandar sirdi mai tsawo daban-daban da wuyan kai mai ɗagawa da saukewa. Kamfanin da a da zai ƙera girma 10 ko fiye, yanzu 3 sun ishe shi, mai shago ma kuɗinsa bai kwanta a kan kayan da ba a nema ba. Da zamanin kabon faiba ya kankama, inda kowane girma sai an yi masa mazubinsa mai tsada, wannan lissafi ya ƙara ƙarfi. A nan ne nasarar mai gangare take, domin ragin nauyin da ake tallatawa ba shi da yawa. Wani ɓangare na abin da aka rage a firam yana dawowa a doguwar sandar sirdi. Tun shekarar 2000 kuma hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana keken gasa ya gaza kilo 6.8, don haka ƙwararre ba ya cin gajiyar duk ragin da aka samu.

Karɓuwar ba ta zo da sauƙi ba. Ƙungiyar ONCE ta Sifen, wadda ɗan tsere Laurent Jalabert ke ciki a lokacin, ita ce ta fito da TCR a manyan gasanni a ƙarshen shekarun 1990, kuma masu riƙon gargajiya, musamman a Italiya, sun yi ta kallonsa a matsayin keken yara. UCI ta amince da gangaren amma ta sa masa iyaka: dole sandar ta shiga cikin wani ma'auni a kwance wanda tsayinsa bai wuce santimita 16 ba. Kamfanin Trek na Amurka ya riƙe miƙaƙƙiyar sanda har tsakiyar shekarun 2000 kafin shi ma ya bi sahu.

Masu ƙorafi suna da gaskiya a wuri guda. Girma 3 bai wadatar da jikin ɗan Adam ba, wanda ya faɗa tsakanin girma biyu yakan ƙare da keken da aka tilasta masa. Kasuwa da kanta ta tabbatar da haka, domin kamfanoni, har da Giant, sun koma suna ƙara yawan girman da suke fitarwa. A ƙananan firam kuma sararin tsakiya yakan matse har gorar ruwa ta biyu ta yi wuyar shiga, ga wahalar saɓa keke a kafaɗa ga masu tseren cikin laka. Awo ma ya rikice, tunda lamba 56 a wannan kamfani ba ita ce 56 a wancan ba. Shi ya sa aka koma auna abu biyu daga tsakiyar inda feda ke juyawa: tsayin da wuyan keke ya yi sama, da nisan da ya yi gaba. Waɗannan lambobi biyu ba ruwansu da yadda sandar ta kwanta.

Miƙaƙƙiyar ba ta mutu ba. Colnago na Italiya har yanzu yana ƙera samfurin Master na ƙarfe. A tseren keirin na Japan, inda ake caca a kan sakamako, kekunan ƙarfe masu tsohuwar siffa maza ke hawa bisa tsauraran ƙa'idoji. A yankin Toskana na Italiya, taron L'Eroica da aka fara a 1997 yana tara dubban mutane a kan tsofaffin kekuna irin na kafin 1987. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kekunan zamani da aka ƙera don yanka iska, irin su Cervélo S5, sandarsu ta koma kusan miƙe, saboda bututun da ya kwanta daidai da iska ba ya tare ta kamar wanda ya karkata.

Burrows ya rasu a 2022, bayan ya ga siffar da aka yi wa dariya ta mamaye shaguna. Ga mai niyyar sayen keken tsere, sabo ko na hannu, karkatar sandar ba ita ce za ta ƙara masa gudu ba. Ya nemi lambobin nan biyu na tsayi da nisa, ya hau ya taka, ya ji ko bayansa da wuyansa sun saki kafin ya biya kuɗi.