A Tsaye Ko a Kwance: Zaman Allo a Gaban Matuƙin Jirgi

Daga Parakou zuwa Djougou, wato Zugu ta fataken goro, kimanin kilomita 110 ne a miƙe ta sama. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 zai cinye wannan tafiya cikin minti talatin da 'yan kai. Amma tun kafin ya ta da inji, ƙwararren matuƙi ya riga ya yanke wata shawara da mai kallo ba zai ɗauke ta a bakin komai ba: kwamfutar hannun da ke ɗauke da taswirarsa, a tsaye za ta zauna ko a kwance?

Hanya yake fara dubawa. Mai tasowa daga Cotonou zuwa Parakou arewa sak ya nufa, don haka allo a tsaye ya fi nuna masa abin da ke gaba. Djougou kuwa yamma take da Parakou, ta ɗan karkata arewa. In ya bar taswira da arewa a sama, yadda aka saba a takarda, layin tafiyarsa zai kwanta daga dama zuwa hagu, sai allon ma ya kwanta. In kuma ya saita ta tana juyawa da hancin jirgi, duk inda ya dosa ya zama sama, to tsaye ya fi: kogin da ke hagun allo shi ne a tagar hagu. Wannan tsari na da rana a lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke rufe ƙasa, ido ba ya kaiwa nesa.

Sai takardun sauka, masu nuna tsayin da za a bi da kusurwar da za a tunkari fili. A tsaye ake buga su tun zamanin takarda. Ka kwantar da allo, ko dai rubutun ya ƙanƙance, ko rabin shafin ya ɓuya, ka koma jan sa da yatsa a daidai lokacin da hannu ke da aiki.

Daga nan ya ɗaure allon, a sitiyari ko a cinya da maɗauri. Yakan ja sitiyarin har ƙarshe, ya tura shi, ya murɗa dama da hagu, yana lura ko gefen allon zai bugi gwiwa ko ya tare masa ma'aunan gudu da na tsayi. Allon da aka kwantar a sitiyari ya fi yawan yin wannan laifi. Yakan nisanta shi da kamfas kuma, domin maganaɗisun da ke jikin murfinsa na iya karkatar da allura.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin tabarau. Akwai tabarau masu tace ƙyalli waɗanda ke mai da wasu alluna baƙi ƙirin in an juya su ta wata fuska. Mai tafiya Djougou da la'asar rana ce a idonsa, ba makawa sai ya sa tabarau, saboda haka tun a ƙasa yake sa su ya juya allon ya gani. Yana kuma neman masa inuwa, don zafin Maris kan sa na'urar ta ɗauke.

Malalaci yakan bar allo ya riƙa juya kansa, kamar wayar aljihu. Sai jirgi ya karkata ko iska ta girgiza shi, taswira ta wuntsila, ya ɓata daƙiƙu yana neman inda yake. Gwani kuwa, da ya zaɓi fuska sai ya kulle juyawar, ya sa takardar taswira a aljihun kujera ko da batir zai mutu, sannan ya leƙa taga ya tabbatar babu kowa kusa da farfela.