Ɗigon Da Ba A Ɗiga Ba

A rubutun Sinanci akwai wani harafi da ake kira xuan, ma'anarsa duhu ko abu mai zurfi. Zane biyar ake yi masa da alƙalamin gashi, na biyar ɗin ɗan ɗigo ne a ƙasa ta hannun dama. Miƙa wa gwanin tsofaffin littattafan ƙasar Sin littafin da babu shekarar bugu a jikinsa, ka zuba masa ido. Zai yi ta buɗa shafuka a hankali yana farautar wannan harafi. In ya tarar ɗigon babu, a shafin nan babu, a na gaba ma babu, to aikinsa ya yi rabi, domin ya san marubucin bai yi mantuwa ba. Tsoro ne ya ɗauke masa hannu.

Bahaushe ba baƙon wannan al'ada ba ne, tunda a gidajenmu uwa kan sakaya sunan ɗan farinta, mata kuma ta sakaya na mijinta. To a Sin alkunyar nan ta tashi daga tsakar gida ta shiga fada, ta zama doka mai hukunci. Da zarar sarki ya hau gado, harafin sunansa na yanka ya haramta ga alƙalamin kowa. Mai rubutu yana da mafita uku: ya sa wani harafi mai kusancin ma'ana, ko ya bar gurbin fayau, ko ya rubuta harafin ya rage masa zane ɗaya, dabarar da ta yaɗu tun zamanin daular Tang. Sunan sarki Kangxi, wanda ya yi mulki daga 1661 zuwa 1722, shi ne Xuanye. Saboda haka xuan ya rasa ɗigonsa, har ƙofar arewa ta fadar Beijing, da ake kira Xuanwu, aka mayar da ita Shenwu, sunan da take amsawa har gobe.

Kuskure a nan ba abin wasa ba ne. Ɗalibin da ya saki sunan sarki a takardar jarrabawar shiga aikin gwamnati ya yi asarar wahalar shekaru. A 1777 wani malami a lardin Jiangxi, Wang Xihou, ya gamu da abin da ya fi haka. Ya wallafa ƙamus, ya jera sunayen sarakuna a gabatarwarsa don ɗalibai su san abin da za su kauce wa. Sarki Qianlong ya ɗauki wannan a matsayin cin amanar sarauta, aka fille wa malamin kai. Gwamnan lardin, Haicheng, wanda ya ba da shawarar a tsaya a ƙwace masa digiri, shi ma ya rasa kujerarsa, aka gurfanar da shi.

Ga inda basirar malaman Sin ta burge ni. Sun lura cewa kowane hani yana da lokacin da ya fara, tunda kowane sarki da shekarar da ya hau. Ke nan harafin da aka gutsure tamkar hatimi ne da zamani ya buga a takarda ba da sanin kowa ba. Ɗauki littafin da aka buga da allon itace a zamanin daular Song. Gwani zai jera sunayen sarakunan a ransa kamar mai jan carbi. Ya duba gou, sunan Gaozong: an rage masa zane. Ya duba shen, na Xiaozong: shi ma an rage. Ya duba dun, na Guangzong: ga shi nan cikakke, ba a taɓa shi ba. Daga nan sai ya ce an sassaƙa allunan littafin ne a mulkin Xiaozong, tsakanin 1162 da 1189, domin masassaƙin ya ji tsoron sarakuna biyu, na ukun kuwa bai hau ba tukuna.

Haka aka yi da wani abin al'ajabi da aka tono a 1973 a Mawangdui, kusa da birnin Changsha. A cikin kabarin da aka rufe a shekara ta 168 kafin Miladiyya an sami kwafi biyu na littafin Laozi rubuce a kan siliki. Na farko yana amfani da kalmar bang, wato ƙasa, gaba gaɗi. Na biyu ya musanya ta da guo, saboda Liu Bang ne sunan wanda ya kafa daular Han. Amma na biyun bai guje wa kalmar heng ba, sunan Liu Heng da ya hau gado a 180 kafin Miladiyya. Da kalmomi biyu kacal masana suka gane wanne ne wa, wanne ne ƙane, suka kuma kewaye shekarun da aka kwafe kowanne.

Fasahar tana gyara tarihi ma. Akwai wani janar da ya ci birnin Jiankang da yaƙi a 589, sunansa Han Qinhu, wato Han mai kama damisa. Marubutan tarihi na daular Tang sun datse sunan ya koma Han Qin, domin hu, damisa, shi ne sunan kakan wanda ya kafa daularsu. Wanda bai san dawan garin ba sai ya zaci mutum biyu ne. Irin wannan ƙulli ne Qian Daxin, wanda ya rayu daga 1728 zuwa 1804, ya yi ta warwarewa a bitar da ya yi wa littattafai 22 na tarihin dauloli. Ya yi aikinsa a zamanin da kalma ɗaya kan hallaka gida guda, lokacin da malamai da yawa suka ga tono tsofaffin nassoshi ya fi musu kwanciyar rai da tsoma baki a siyasa. A 1928 Chen Yuan ya tattara ƙa'idojin wannan fanni a littafi guda, ya zama jagora ga na baya.

Kada mai karatu ya ɗauka haddace jerin sunaye ya wadatar. Xuan ɗin da muka fara da shi tarko ne: daular Song ma ta haramta shi tun 1012, saboda sunan wani kaka da gidan sarautar ke girmamawa. Ɗan koyo zai ga ɗigo babu ya ce Kangxi, alhali tazarar ƙarni shida ce tsakani. Masu sake buga littafi a zamanin daular Ming sukan kwaikwayi tsohon bugu har da giɓinsa, 'yan damfara kuma sun san abin da mai saye ke nema. Sarakunan Mongol na daular Yuan ba su tsananta dokar ba, don haka littattafan zamaninsu ba su cika yin magana ta wannan hanya ba. Shi ya sa gwani na gaskiya ba ya yanke hukunci sai ya shafa takarda, ya dubi launin tawada da salon rubutu, ya karanta sunayen masassaƙa da akan rubuta a tsakiyar shafi, sannan ya auna su duka da giɓin da ya gani.

Dokar ta mutu tare da sarautar a 1912. Amma har yau, a kundayen da ɗakunan karatu ke bayanin tsofaffin littattafan Sin, ana rubuta harafin da aka rage wa zane da wanda aka bari cikakke, kuma da wannan ake sanin shekarun littafi. Malamin da ya iya mayar da takunkumin sarki ma'aunin gano gaskiya ya cancanci a jinjina masa.