Bin sawun abubuwa masu motsi a cikin bidiyo: sharhi a kan SORT da DeepSORT

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu duba ayyuka biyu da suka shafi bin sawun abubuwa masu yawa a cikin bidiyo, wato SORT na Bewley da abokan aikinsa (2016) da DeepSORT na Wojke, Bewley da Paulus (2017). Abin da ya dame mu shi ne matsalar shamaki: idan mutum ya shige bayan wani ko bayan mota, sa'an nan ya sake bayyana, shin na'ura za ta gane shi ne na ɗazu?

2. Yadda dabarar take

SORT yana zagaye kowane mutum da akwati a cikin kowane hoto, ya ba shi lamba. Da lissafin Kalman (1960) yake hasashen inda akwatin zai kasance a hoto na gaba, bisa zaton cewa saurin tafiya ba ya canzawa. Daga nan sai dabarar Kuhn (1955) ta haɗa kowane hasashe da sabon akwatin da ya fi hawa kansa. Mun yaba da sauƙin wannan tsari da saurinsa. Amma wanda ya ɓace fiye da hoto ɗaya an share shi ke nan. In ya dawo, sabuwar lamba zai samu.

DeepSORT ya ƙara wa tsarin tunawa da kamanni. Yana taƙaita siffar kowane mutum cikin alƙaluma 128, yana kuma jiran wanda ya ɓace har hoto 30. Marubutan sun ba da rahoton cewa musanyar lamba ta ragu da kashi 45 cikin ɗari.

3. Inda muke da ja

Na farko, gyaran ya dogara ga bambancin tufafi da siffa. Mu ɗauki garken jajayen awakin Maraɗi a bakin rijiya: launi ɗaya, girma kusan ɗaya, suna kutsawa cikin juna, ba mai tafiya a miƙe. A nan zaton Kalman ya rushe, kamanni kuma ba su raba komi. Tarin bidiyon DanceTrack (2022), na masu rawa cikin kaya iri ɗaya, ya nuna wannan rauni a fili.

Na biyu, ma'aunin MOTA (2008) da aka saba auna su da shi yana rufe laifin. Mutumin da na'ura ta kasa gani cikin hoto 100, kuskure 100 ake rubutawa. Mutum biyu da aka musanya wa lamba kuwa, kuskure 2 ne kawai, ko da an ci gaba da bin kowanensu da lambar ɗan'uwansa har ƙarshen bidiyo. Ashe ke nan MOTA ya fi auna kaifin gani a kan riƙon sawu. Saboda haka ne aka fito da IDF1 (2016) da HOTA (2020).

Na uku, asalin hotunan da ake gwaji da su abin tambaya ne. Tarin DukeMTMC, da aka ɗauka a harabar wata jami'ar Amurka a 2014, an janye shi a 2019 bayan ƙorafin cewa ba a nemi yardar mutanen da ke ciki ba. Na'urar da ta iya sake gane mutum bayan shamaki ita ce kuma take iya bin sa unguwa-unguwa.

4. Kammalawa

A ganinmu, ayyukan biyu suna da amfani wurin ƙidayar masu wucewa a kan hanya mai sarari, inda ɓuya ba ta daɗewa. ByteTrack (2022) ya ƙara taimakawa, da yake ba ya zubar da akwatunan da shamaki ya raunana. Sai dai muna ba ɗalibanmu shawara: duk wanda zai gwada waɗannan dabaru a kasuwar dabbobi ko a tashar mota, ya kawo adadin musanyar lamba da IDF1 tare da MOTA, ya kuma faɗi wanda ya ba shi izinin ɗaukar hoton.